Takarda mai hoton mage

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba bayan ƙaramar Salla, lokacin ina shara a wani masaukin baƙi a unguwar Aziziyya, can ƙasa mai tsarki. Ku sababbin shiga aikin nan nake ba wa labarin.

Ƙa'idar gidan ita ce, duk abin da baƙo ya bari a ɗaki sai a nuna wa mushrifa, wato shugabar masu shara. In ta ce tarkace ne, ya zama naka. Ran nan ina juya katifa a ɗaki na tara na ga wata takarda kamar tafin hannu, an tsaga ta gida-gida ƙanana, kowane gida da hoton mage. Mushrifa ko kallon kirki ba ta yi mata ba, ta ce in kai wa 'yata. 'Yar tawa Hafsa shekararta uku, kuma duk abin da ta samu baki take kai shi.

Da na tashi daga aiki na biya kantin magani na ƙasan bene sayen maganin tarinta, takardar ta faɗo daga jakata. Mai kantin, wani dattijo ɗan wajenmu da iyayensa suka zo ta Sudan, ya ce kar in ƙara taɓa ta. Ya ce yana zargin ƙwaya ce, ba irin ta ganye ba, haɗa ta ake yi da sinadarai, a ɗiga ruwan a takarda ya bushe, ba wari ba alama. In aka sa gida ɗaya a harshe, ƙato zai ga bango na numfashi, launuka na gudu, zuciya ta yi ta bugu, wani har ya shiɗe.

Na ce, "Baba, yarinya fa?"

Ya ce yarinya kam sai dai Allah ya kiyaye.

Na koma sama wajen mudir, manajan gidan. Wai in zuba ta a masai in yi shiru, kar a ɓata sunan masauki. Ya tuna mini cewa a ƙasar nan wanda aka kama da ita kurkuku ne, ɗan wata ƙasa kuma a kore shi, kuma daga jakata ta fito.

Na ce, "Ya mudir, sunan wanda ya kwana a ɗakin yana littafinka. Shi za a rufa wa asiri, ni da ke shara in ɗauki laifin?"

Dattijon ne ya kira hukuma, ya tsaya mini shaida. Har la'asar ana yi mini tambayoyi kafin a sallame ni. Gwaji ya tabbatar da zarginsa. Mushrifa ta rantse ba ta taɓa ganin takardar ba. Ni kuma aka mayar da ni wankin matakala.

Abin da na koya, a aikin nan in abu ya ɓaci hannun da ya taɓa shi na ƙarshe ake nema, kuma kullum na mai tsintsiya ne. Abin da ba ku sani ba ku bar shi inda yake, ku kira mutum biyu su gani. Hafsa kuwa, ko alawa ce daga ɗakin baƙo, ba na kai mata.