Ranar da Kawu Ya Kashe Mota a Hanyar Argungu

Kawuna tsohon ma'aikacin gwamnati ne, gidansa na unguwar Badariya. Bayan ya yi ritaya ya kai wa ɗansa ziyara Jamus, can aka ɗora shi a wani siririn jirgi mai dogayen fikafikai. Ƙaramin inji gare shi. Da ya kai ka sama sai direban ya kashe shi, injin ya shige bayan jirgin, iska ta ɗauke ku. Kawu ya ce da ya ji shiru ya fara kalmar shahada, amma sun sauka lafiya.

Tun da ya dawo ba shi da wani zance. Har a zaman makoki sai ya bayyana wa mutane ƙa'idar da direban ya koya masa: kada ka amince injin zai sake tashi, ka zaɓi filin sauka tun kana sama.

Wata Asabar muka kama hanyar Argungu za mu ɗaurin aure a tsohuwar motarsa, ni a gaba, Inna matarsa a baya riƙe da kwanon alkaki. Muna isa wata 'yar gangara ya ce bari ya nuna mana yadda abin yake, ya murɗa makulli. Motar ta yi tsit, tana ta gangarawa. Gaskiya da daɗi.

Sai ga kwana. Sitiyari ya ƙage, birki ya yi tauri kamar dutse. Ya murɗa makulli, injin ya yi tari ya ƙi tashi.

"Alhaji, mi kaka yi?" in ji Inna.

"Fili nika nema," ya ce, idonsa na kan gonaki.

A hankali muka bar kwalta, muka shiga gonar shinkafa, taɓo ya riƙe mu. Ko alkaki ɗaya bai faɗi ba. Kawu ya share gumi ya tambaye mu ko mun lura da yadda ya kauce wa bishiyar giginya.

Manoma suka yi ta turi, motar ba ta motsa ba. A bayan motar albasa muka ƙarasa, taɓo har gwiwa, mun tarar an shafa fatiha. Da za mu koma, Inna ta ce ita tasha za ta, kuma ni na bi ta.