Kwalta a Kan Jiƙaƙƙen Katako

Duk bazara sai mun yi faɗa da maigidana a kan kaskon suya. Mutum masunci, ga tsohon jirginsa na katako a bakin dam ɗin da ke hanyar Mai'adua, amma ko gwangwanin narka kwalta bai taɓa ajiyewa ba. Ina juya baya sai in nemi kaskona in rasa. Haba Malam! Wa zai sayi kifi mai warin titi?

Aikin kuwa na san shi kamar ni na koya masa. A jawo jirgi kan yashi, a kife, a bar rana ta busar da shi ƙarau. Sannan a yayyaga tsofaffin zannuwana, a cusa tsumman tsakanin katako da bakin wuƙa, a bi da kwalta mai zafi. Jirgin nan ne kaɗai ya riƙe min shi a gida. Sa'o'insa duk sun tafi Legas tura kurar ruwa, kuma a ƙasar Daura ina itacen da za a yi wani jirgin?

Shekarar da abin ya faru, ruwa ya sauka da wuri, ya jiƙa jirgin sharkaf yana kife. Abokansa sun fara fitowa da tarwaɗa da karfasa, shi yana gefe yana kallo. Haƙuri ya gagara. Ya ɗauko kwalta zai shafe ciki da waje, katako da danshinsa.

Na ce, "Malam, bai bushe ba fa."

Ya ce, "Ke dai ƙara itace a wutar nan."

Wallahi ya yi kyau, baƙi wuluk, sai sheƙi yake. Duk daminar ko ɗigo bai shiga ba, har tsiya ya riƙa yi min. Ashe ruwan da ya rufe a ciki yana can yana cin katakon.

Bayan kaka ya kira ni bakin dam. Ya danna babban yatsansa a jikin katakon jirgin. Yatsan ya shige kamar a dafaffiyar kabewa. Na zauna a kan yashi na yi ta kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Ba a daɗe ba na raka shi tashar Daura da 'yar jakarsa. Yanzu kifin ƙanƙara nake sarowa in soya, ba daɗi, ba riba. In ya bugo waya, kafin ya tambayi yara sai ya ce, "Dam ya cika?" Nakan ce masa bai cika ba, ko da ya cika.