Ƙullin Geron Zuliha

Kowa a Zarmu ya san cikin Zuliha ba ya shiri da alkama. Tun tana yarinya, in ta ci alkaki ko taliya, sai cikin ya kumbure, zawo ya kama ta, ta yi kwanaki tana jan ƙafa. An yi rubutu, an yi saiwoyi, har wani lokotoro a asibiti ya gaya mata gaskiya: babu magani sai ta bar alkama har abada. A ƙasar gero wannan ba wani abu ba ne. Tafiya ce kawai ke ba ta wahala, shi ya sa ko biki za ta, da ƙullin geronta a ka. Ana yi mata dariya, ita ko a jikinta.

Da fari ya maimaita, ruwan sama ya sake ƙin zuwa, rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye. Taimakon da kamiyo, manyan motocin kaya, ke kawowa kuma garin alkama ne. Maƙwabta suna murna, Zuliha tana kallo. Ta sayar da akuyarta ta ƙarshe, ta auno gero ɗan kaɗan, ta nufi Damagaram wurin ɗanta Inusa, ma'aikacin biro, wato ofis, wai ta huta har ruwa ya sauka.

Ta isa a gajiye liƙis, Inusa yana wurin aiki. Amaryarsa Kulu, 'yar birni mai ladabi wadda ba ta san zancen cikin ba, ta tarbe ta, ta sauke mata kaya, ta shimfiɗa mata tabarma. Barci ya kwashe tsohuwa. Kulu ta kwance ƙulli, ta ga gero, abin da suka yi watanni ba su gani ba. Tsaraba! Tsaraba kuwa ba a cin ta a ɓoye. Kafin la'asar an kai wa kowane gida a layin ɗan kwano, sauran ta dama wa yaran maƙwabta kunu.

Hayaniyar godiya ce ta tashi Zuliha. Mata sun cika tsakar gida, suna sa mata albarka, wata har da hawaye. Ta hango zanen ƙullin a kan igiya, an wanke shi tas. Amma wa ya taɓa cewa a maido masa tsaraba? Inusa kuwa ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta kai masa kukan ciki. Ta wuni da ruwa, ta sake wuni da ruwa, tana cewa gajiyar hanya ce.

Rana ta uku matan layi suka haɗa tukuici, taliya 'yar murji da manja, suka zauna sai sun ga ta ci.

"Inna, bismillah," in ji Kulu. "Don ke suka murza."

Zuliha ta dubi kwanon. Ta gaji da bayani, ta gaji da yunwa. Ta wanke hannu, ta jawo shi gabanta.

"Allah ya saka da alheri," ta ce. "'Yar nan, ki cika mini buta, ki ajiye kusa da makewayi."