Maman Haidar Za Ta Je Ganin Kifi

A benenmu na unguwar Pantai Dalam kowa Maman Haidar yake kiran Hajiya Hureira, alhali Haidar ɗanta na biyu ne. 'Yar farin ita ce Rufaida, kuma a tsawon maƙwabtakarmu ban taɓa jin sunan nan ya fito daga bakin uwar ba. "Ke," ko "yarinyar nan," iyakarta ke nan. Haka aka rene ta a Gumel, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta rungumarsa a gaban mutane. Ta ɗauko wannan kunyar ta hau jirgi da ita lokacin da mijinta, Malam Abdulmajid, ya sami aikin koyarwa a jami'a nan Kuala Lumpur, ta kuma riƙe ta gam a garin da babu wanda ya san ma'anarta.

Mace ce mai aiki ba surutu. Ita ke yi wa ɗalibanmu masa da miyan taushe ranar Asabar, su zo su yi tapau, wato a ƙulle musu su tafi da shi. Malayancinta bai wuce na cefane ba. In ba kasuwa ko gidan suna ba, da wuya ka gan ta a waje. Tsoron ruwa kuwa ba a magana. Ko yawo muka je tafkin Titiwangsa da yara, can nesa take shimfiɗa tabarmarta ta juya wa ruwan baya.

Ita Rufaida a nan ta yi wayo. Tana ganin iyayen ƙawayenta suna sumbatar 'ya'yansu a ƙofar makaranta, tata uwar kuwa ko ranar karɓar kyauta gaisuwa take aikowa. Na sha yi mata bayani cewa kunya ce, ba ƙiyayya ba. Sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Anti, kunyar me? I'm her daughter lah." Ni ma wani lokacin haushin Hureira yake kama ni, domin abin da yake ladabi a Gumel, a nan yarinya ciwo take ji da shi.

Bana Rufaida ta sami gurbin karatun halittun ruwa a wani gari can arewacin Norway, tafiya a watan Agusta, kuma ba ranar dawowa kusa. Ana cikin shiri sai Hureira ta sanar cewa ita ma za ta je. Ba rakiya ba, a'a, wa ya ce rakiya? Wai ta ji a tekun garin ana shiga jirgin ruwa a je kallon ƙaton kifin nan irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa, kuma ita tun tana makarantar allo take son ta gan shi da idonta. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Maman Haidar, ke da ko kwata ba kya tsallakewa sai da addu'a?" Ta ce ikon Allah za ta je kallo, in bar ta.

Shiri ta yi na gaske. Muka bi shagunan gwanjo na Cheras muna neman rigar sanyi a garin da gumi ke bin mutum har cikin masallaci. Ta sami wata jibgegiya mai gashi a wuya, ta ɗora hijabi a kai, ta ƙure na'urar sanyaya ɗaki ta zauna tana gwaji. Ta daka citta da kanumfari saboda juyin ciki. Ta sa Malam ya binciko mata yadda ake salla a jirgin da ke tangaɗi. Abin da ya fi ba ni tausayi, ta ce in raka ta Titiwangsa, ta shiga ɗan ƙaramin jirgin haya, ta damƙe gefensa tana salati idonta a rufe. Da muka fito ta ce mako mai zuwa mu sake.

Wata rana ta tambayi yarinyar, a kaikaice kamar kullum, me kifin yake ci. Rufaida ta ce ai ba ma kifi ba ne, whale ake ce masa, haihuwa yake yi, yana shayarwa, ɗan kuma yana manne da uwar har ya yi ƙarfi. Hureira ta ce, "Daga nan fa?" Yarinyar ta ce daga nan kowa ya kama gabansa. Uwar ta tashi ta shiga kicin, duk da babu abin da ke kan wuta.

Duk wannan bai yi wa Rufaida daɗi ba. Ta same ni a matattakala idonta jajir ta ce, "Anti, ki duba fa. Ba ta taɓa zuwa makarantarmu saboda ni ba, amma saboda whale za ta tsallake duniya." Na ga yarinyar nan da wannan zaton za ta tafi, kuma nisa ba ya gyara irin wannan.

Ana gab da tafiya ina ɗakinsu da la'asar, muna ƙulla yaji da kuka da daddawa a leda. Rufaida ta shigo da waya a hannu, fuska ba walwala.

"Umma, na duba. Whale ɗin nan ba sa zuwa garin a Agusta, sai Nuwamba, in sun biyo ƙananan kifi. Tak boleh, ba zai yiwu ba, ba abin da za ki gani. So ba sai kin wahalar da kanki ba."

Na dubi Hureira ina jin kamar in jijjiga ta, ko ta buɗe baki ta faɗi abin da ke ranta sau ɗaya a rayuwa. Ba ta ɗago ba. Ta gama ƙulle ledar da ke hannunta, ta danna ta a lungun akwati.

"Na sani," ta ce. "Babanku ya gaya mini tun kafin a yanki tikiti."

Rufaida ta ajiye wayar. Ta sulale ta zauna a ƙasa kusa da akwatin, ta jingina kanta da gwiwar uwarta tana kuka. Hureira ta dube ni, kunya ta rufe ta, amma ba ta janye ƙafar ba.