Rabin Reza a Kan Kakana

Ƙas! Ƙarar da reza ke yi ke nan idan aka karya ta gida biyu tana cikin takardarta. Har yau in na ji ta, ko wucewa nake ta bakin shagon wani, sai in ga tsakar gidanmu na unguwar Nima a Accra: igiyar shanya, bokitai jere gaban famfon da ba ya kawo ruwa sai ya ga dama, da Kakana zaune a benci ya tuɓe hula.

Kaka wanzami ne, ɗan wanzami. Daga Nijar ya zo yana saurayi da zabirarsa a kafaɗa, kuma babu lungun da bai shiga ba daga Nima zuwa Maamobi, har Kanda. Rabin magidantan unguwarmu shi ya yi musu askin suna. Mutum ne mai ji da kansa, ba zan ɓoye maka ba, don a wurinsa na gada. Kowace Juma'a da hantsi shi ke aske kansa da kansa, tas, sannan ya tafi masallaci.

Ina shekara goma sha biyu hannunsa ya fara rawa. Da fari a kofin shayi muke gani, daga baya har tasbaha ta soma suɓuce masa. Bai jira ya yanki ɗan wani ba, ya naɗe askarsa a tsumma ya tura ƙarƙashin gado. Amma gashi ba ya jiran kowa. Mako uku furfura ta rufe masa kai, shi kuwa ya ce ba zai shiga sahu da kai kamar gonar auduga ba. Juma'a uku ya yi sallarsa a ɗaki, yana jin huɗuba ta lasifika, yana kallon bango. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Babana direban trotro ne, motar haya, hanyar unguwar Malam yake bi. Ya ce a kai tsoho shagon samarin da ke aski da inji a bakin titi. Kaka ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni in bi layi, yaron da na yi wa kaciya ya riƙe mini kai yana kallon ƙwallo a talabijin? Allah ya kiyaye."

Gwaggo, yayar Baba, ta yi dariya ta ce dama wanzami ba ya son jarfa.

Sai Baba ya sayo wani mariƙin reza a Accra New Town. Baki ɗaya gare shi, rabin reza ake sa masa, akwai ɗan shinge a gaban kaifin, ga shi ba nauyi kamar cokalin shayi. Ya ce shi zai yi askin. To, a nan kuskuren yake. Hannun da ya saba da sitiyari, da ya ji abu sakayau a tafinsa sai ya ɗauka ba ya ci, ya danna. Wuri uku ya yanka. Jini ya gangaro ta bayan kunnen Kaka har wuyan riga, ya tashi ya shige ɗaki da rabin aski. Juma'a ta huɗu ke nan.

Washegari na same shi na ce ni zan yi. Gwaggo ta dafe ƙirji daga bakin murhu.

"Ei! Mace zai taɓa kan wanzami? A gida nan? Kin haukace paa!"

Kaka bai ko waiwaye ta ba. Ya kama hannuna ya juya shi, ya ce, "Amaryata, hannun nan bai san ƙarfi ba tukuna. Shi ake nema."

Damina ce, ruwa na dukan kwano, kwatar bayan gida ta cika tana wari, mu kuwa muna ɗaki muna karatun aski. Da zaɓen reza ya fara. Ya sa na sayo iri uku. Bai iya karatun boko ba, da launin takarda yake gane su. Ya gwada kowace a gashin damtsensa, ya ture mai shuɗiyar takarda, wadda ta fi kaifi, ya ce ta gemun samari ce, fatar tsoho kuwa ɓawon albasa ce. Mai jar takarda ya ce tana jan gashi. Mai koriyar takarda ya zaɓa, mai sauƙin kai. Rabi ɗaya aski biyu, ba uku ba, kuma na biyun ya fi na farko daɗi. In an gama a goge ta a shafa mata man kaɗe, don iskar Accra tana cin ƙarfe kafin ka ankara.

Sannan ya kifa ƙwarya a cinyarsa, ya shafa mata kumfar sabulun salo, ya ce in aske. Ya rufe ido yana sauraro. In ya ji karce sai ya ce, "Kin danna." A kwantar da kan mariƙin a fata, a ɗaga kaɗan kaɗan har kaifi ya fara magana ƙasa-ƙasa, a tsaya a nan. Hagu ta ja fata, dama ta bi kwanciyar gashi, gajere-gajere, a ɗauraye. "Kada ki taimake ta," in ji shi, "ta san aikinta." Kwana biyar ina aske ƙwarya har na tsane ta.

Ranar Juma'a na dafa ruwa, na gasa masa kai da tawul, na yi askin a cikin ɗaki. Ko ƙwarzane babu. Ya shafa kansa da hannun nan mai rawa, ya sa farar rigarsa ya fita. Na bi shi da ido har ya sha kwana, na koma bayan ƙofa na yi kukana.

Amma gidan haya mai ɗaki goma sha biyu ba ya riƙe sirri. Juma'ar da ta biyo, dattawa uku suka yi sallama da hantsi. Suka ce abin kunya ne, mace ta hau kan wanzami da kaifi, albarkar zabira za ta gudu. Baba ya tsaya a bayansu, kunya ta ishe shi, ya ce, "Yarinya nan ba zai sake ba koraa, ko sau ɗaya, na yi magana."

Kaka ya tambaye su a wane littafi aka hana jika ta yi wa kakanta hidima. Suka ce ba littafi ba ne, al'ada ce. Ya ce, "To, al'adar tawa ce, a kafaɗata na kawo ta garin nan." Ya sa aka fitar da benci zuwa ƙofar gida, bakin hanya, inda masu koko da 'yan kaya masu dako ke wucewa, ya zauna ya tuɓe hula ya kira ni.

Ka tambaye ni ko na ji tsoro. Na ji, amma haushi ya fi yawa. Mutanen nan Juma'a huɗu babu wanda ya leƙo ya ji me ya hana tsoho fita. Na karya rezata, na ɗaura, na ja numfashi. Lungu ya yi tsit har ina jin gashi yana faɗi. Da na gama, Kaka ya miƙe ya sunkuyar da kai gaban kowannensu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku duba. Wanda hannunsa ya fi nata, ga benci, ga kai, mako mai zuwa."

Ya sa hula ya wuce gabansu zuwa masallaci, su suka biyo baya. Shekara shida ina yi masa aski a wannan ƙofar, har Allah ya karɓi abinsa, kuma bai sake rasa Juma'a saboda gashi ba.

Yanzu zamani ya juya. Shagunan aski sun fi masu shayi yawa a Nima, rezar roba mai baki biyar ta cika kasuwa, wanzamai sun zama sai an nema. Ni atamfa nake sayarwa, ina da 'ya'ya huɗu. Amma tsofaffin da ke kwance, waɗanda inji ke ƙona wa fata, har yau ni ake aiko wa.

A watan jiya wani magidanci ya zo rumfata yana sosa ƙeya. Ɗan ɗaya daga cikin dattawan nan uku ne. Mahaifinsa ya kusa shekara ɗari, ba ya tashi, kuma ya ce a nemo jikar wanzami. Sai dai ɗan ya roƙe ni in bi ta lungun baya, kada maƙwabta su gani. Na ce masa ya gaida tsohon, zan zo da yardar Allah, kuma ba zan karɓi komai ba, amma ta ƙofar gaba zan shiga, da sallama mai ƙarfi. In ba haka ba, ya sayi rezar ya gwada da hannunsa.

Ranar Juma'a da hantsi na je. Ƙofar gaba a buɗe take, an ma share ta.