Mai Taswira da Sunan da Ya Yi Ta Gogewa

Haihuwa da nasaba

An haifi marigayi Mai Taswira a shekarar 1941, a wani gari da ke bakin layin dogo, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinsa, wanda kafinta ne mai yin ƙofofi da tagogi. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara uku, ta bar shi da yayarsa guda ɗaya, wadda ta girme shi da shekara takwas. A shekarar aka cire yarinyar daga makaranta tun ba ta iya haɗa baƙi ba, domin ta raini ƙanenta. Ita ta goya shi, ita ta yi masa wanki da wanka, ita kuma ta raka shi ƙofar aji ranar da aka sa shi makaranta. Daga baya ta zama ungozoma, har gari ya san ta da wannan sana'a, amma shi Yaya yake ce mata har ya koma ga Mahaliccinsa.

Nasabarsa ta wajen uba ita ce dalilin rubuta wannan tarihi. Kakarsa, wato mahaifiyar kafinta, ita ce 'yar fari a wajen wani sarki da ya rasu a 1903. Masu zaɓen sarki suka tsallake ta saboda mace ce, suka naɗa ƙanenta, ita kuwa aka aurar da ita wajen gidan. Ɗan wannan ƙane shi ne sarki na ƙarshe, domin a 1955 hukuma ta soke sarautar baki ɗaya, aka mayar da fadar gidan tarihi, aka kewaye karagar mulki da igiya don kada masu kallo su zauna a kai.

Karatu da fara aiki

Ya yi karatu daga 1948 zuwa 1958, inda malamansa suka shaide shi da kyawun rubutu da tsabtar littafi. A 1960 aka ɗauke shi aiki a ofishin safiyo, sashen zanen taswira, wani dogon ɗaki mai tagogi shida da teburori masu karkataccen sama. A nan ya koyi ƙa'idar da ta bi shi har tsufa: ana fara zane da fensir, abin da aka tabbatar a bi shi da tawada, in tawada ta bushe sai a bi takardar gaba ɗaya da magogi, duk abin da ya rage na fensir ya tafi. Ya yi shekara talatin da shida a wannan ɗaki ba a taɓa dawo masa da taswira don gyara ba, kuma bai kasance mai ɓoye wannan alfahari ba.

Aure da iyali

A 1966 ya auri 'yar wani mai gyaran agogo da ke layinsu, mace mai haƙuri da kaifin baki, Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar, dukkansu kuma Yaya ce ta karɓi haihuwarsu. Suka zauna a gida mai ɗaki uku, amma ɗaya daga ciki bai daɗe a hannun iyali ba, saboda dalilin da zai zo.

Da'awar gadon sarauta

A 1969, a jinyar ajali, kafinta ya ba ɗansa labarin yadda aka tsallake mahaifiyarsa. Shi dai tsohon ya faɗa ne kamar yadda ake faɗin tsohon labari, amma maganar ta zauna wa ɗan a rai. Ya shiga bincike a gidan tarihi duk ranar hutu, har ya gano cewa a farkon kafuwar gidan mata biyu sun hau karagar, kowacce saboda ita ce babba a 'ya'yan ubanta. Daga nan ya kafa hujjarsa: asalin ƙa'idar gidan ita ce ɗan fari ya gada, namiji ne ko mace, tsallake kakarsa zalunci ne, da an bi gaskiya, sarauta ta sauka ne daga ita zuwa ɗanta tilo, kafinta, daga kafinta kuma zuwa gare shi.

A 1971 ya kammala zanen salsalar gidan na farko a kan takardar safiyo mai faɗin tebur. Layin da ya yi mulki ya ja shi da baƙar tawada, layin da ya kamata ya yi mulki kuwa da ja, tun daga kakarsa har zuwa sunansa. Da yake tsofaffin takardun da ya kwafa ba sa sa 'ya'ya mata a cikin reshe, sai ya riƙa rubuta su da fensir a gefe, da niyyar sai ya tabbatar da gidajen aurensu. Kakarsa da matan nan biyu kaɗai ya bi da tawada. Da tawada ta bushe, sai ya ɗauki magogi ya tsabtace takarda kamar yadda hannunsa ya saba. Sau goma sha ɗaya ya zana salsalar cikin shekara talatin da bakwai, sau goma sha ɗaya kuma ya goge matan da ke gefe.

Ya kamata a rubuta, don adalci, cewa bai taɓa neman a mayar da sarautar ba, bai kai kowa ƙara ba, bai kuma tara jama'a ba. Abin da yake so kawai a san cewa da an bi ƙa'ida, da shi ne. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Mai Jiran Gado, in ya shigo da safe su miƙe suna cewa ranka ya daɗe, shi kuwa ya amsa ba tare da dariya ba. Matarsa, wadda ta rasa ɗaki guda saboda takardu, takan ce sarkin da ba ya iya korar kaji daga tsakar gidansa, Allah ya kyauta wa talakawansa. Yaya ba a taɓa jin ta ce komai a kan maganar ba, in ban da tambayar ko ya ci abinci.

Ritaya da abin da ya biyo baya

Ya yi ritaya a 1996, idonsa ya fara yin yana, hannunsa ya fara rawa. A watan Nuwamba na 2008 wasiƙa ta zo daga gidan tarihi, cewa sun amince su rataye salsalarsa a bangon da ke kusa da karagar, a matsayin misalin yadda gadon zai kasance da an bi wani layi, in ya miƙa ta kafin ƙarshen watan Maris. Abin nema ya samu. Ya kira babbar 'yarsa, malamar lissafi, ta zo ta duba masa kwafi na goma sha ɗaya kafin a kai, tunda ido ya yi rauni.

Ta ɗaga takardar ta fuskanci taga don ta ga ko akwai tabo, sai ta hangi sawun fensir da magogi bai iya shafewa ba, a gefen sunansa, daidai layin 'ya'yan kafinta. Ta karanta, sunan Yaya ne, ta ajiye takardar, ta ce, “Baba, in kakarka ta gada ne don ita ce babba, to Gwaggo fa? Ai ta girme ka.”

An ruwaito cewa ya yi kwana goma sha tara bai shiga ɗakin takardu ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani: abin da ya shekara arba'in yana tuhumar masu zaɓen sarki da shi, shi ya yi wa matar da ta goya shi, da hannunsa, sau goma sha ɗaya. Ba wanda ya lura a gidan tarihi, 'yar kuma ta yi alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba. Yana iya miƙa takardar yadda take, sunansa ya tsaya a ƙarshen jan layi kusa da karagar har abada.

A rana ta ashirin ya sa aka shimfiɗa sabuwar takarda. Ya ƙi yarda 'yar ta riƙe masa alƙalami, sai dai rula. Ya kai jan layi daga kafinta zuwa sunan Yaya, ya jera 'ya'yanta shida da jikokinta goma sha tara, maza da mata, duka da tawada, sannan ya rubuta nasa sunan a can ƙasa, da lamba ashirin da bakwai. A wajen rubuta sunan Yaya tawada ta ɗiga. Shi ne tabo na farko a duk aikinsa, bai kuma sake takardar ba.

Kafin ya miƙa ta, ya kai wa Yaya gida, ya durƙusa ya yi mata bayani tun daga 1903. Ta saurare shi har ya gama, tana matsa gwiwarta mai ciwo, sannan ta ce, “Kai, yaro! Ai na sani tun ranar da Baba ya ba ka labarin, ina bakin ƙofa. Na ga abin ya faranta maka rai ne, na ce a bar maka. Tashi, ka ci abinci kuwa?” 'Yar, wadda ke wajen, ta ce ba ta taɓa ganin mahaifinta yana kuka ba sai ranar. An rataye salsalar a watan Afrilu na 2009, daga lokacin kuma ya roƙi tsofaffin abokan aikinsa su daina kiransa Mai Jiran Gado.

Rasuwa

Ya rasu da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Yuni, 2011, yana da shekara saba'in, bayan gajeriyar jinya a gidansa. Aka yi masa sallah, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar, waɗanda ya yi wasiyyar a riƙa jera su bisa haihuwa: malamar lissafi, sai direban jirgin ƙasa, sai mai ɗinki, sai ma'aikaciyar jinya, sai autansu mai gyaran rediyo, da jikoki goma sha ɗaya.

Ya kuma bar yayarsa, tana da shekara saba'in da takwas. Wata biyu bayan rasuwarsa ta sa aka kai ta gidan tarihi, karo na farko a rayuwarta. Ba ta kalli karagar ba. Da yake ba ta karatu, malamar lissafi ta nuna mata sunanta a inda tabon yake, ita kuwa ta ce a nuna mata nasa. Ta bi takardar da yatsa daga sunanta zuwa ƙasa, ta wuce suna ashirin da biyar kafin ta kai gare shi, ta daɗe yatsanta na wajen.

“Da na san zai yi nisa da ni haka,” in ji ta, “da na ce ya bar ta yadda take.”

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.