Ya Gumsu, Wadda Ta Riga Aska

Ƙarfe bakwai na safe keke ke sauke Ya Gumsu a ƙofar asibiti, riƙe da tsohuwar jakarta mai ɗauke da madubi, balan-balan da 'yar ganga. Wanda bai sani ba sai ya rantse 'yar talla ce. To, da wannan tarkacen ta shekara ashirin da takwas tana duba masu matsalar ji da magana, tana kuma koya wa ɗaliban jami'a aikin. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ku tambayi Madu, tela a unguwar Hausari. 'Yarsa Ammatullahi ta cika shekara uku ko "Baba" ba ta cewa. Kakarta ta yanke hukunci: linzami ne ya ɗaure harshen, ran Juma'a wanzami zai sa aska. An taɓa yankawa sau ɗaya, jini ya yi ta zuba, magana shiru. Madu ba ya iya musa wa mahaifiyarsa, sai ya lallaɓo su biyun wurin Ya Gumsu ran Laraba.

Ya Gumsu ta yi gardama da tsohuwa? Ina! Tabarma ta shimfiɗa mata, suka yi ta gaisawa da Kanuri har ta saki jiki. Sannan ta miƙa mata gangar.

"Kaka, koma bayan jikarki ki buga, iya ƙarfinki."

Tsohuwa ta buga har Benedicta, ɗalibar da ke koyon aiki, ta zabura. Yarinya ko gezau, tana ta wasa da balan-balan.

Kaka ta ajiye ganga a hankali. "Wayyo ni! Ashe kunne ne, muke ta yankan baki."

Da suka fita, Ya Gumsu ta ce wa Benedicta, "'Yata, in ba ki shawo kan kaka ba, ba ki yi wa jika komai ba."

Aka auna kunnen, aka sa na'urar ƙara ji. Wata takwas Ya Gumsu na zama da yarinyar gaban madubi, tana ɗora ɗan hannun yarinyar a nata maƙogwaron don ta ji motsin murya.

Ya Gumsu, ke ce kika riga aska. Ba ki taɓa kunyata babba don ki ceci ƙarami ba. Mun gode, wallahi mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma ɗalibai, kada ku tsaya ga na'ura, ku koyi shimfiɗa tabarmar nan.

Madu dai har yau yana mita: shi ya yi ta biyan kuɗin keke, amma kalmar farko da Ammatullahi ta furta ita ce "Kaka". Ran da ta faɗa, tsohuwa ta rufe fuska da mayafi, ta yi ta kuka.